Agogon Can Yana Baya

A ɗakin jiran jirgi na ji wani matashi yana yi wa dattijon da ke gefensa magana.

"Baba, na kusa ganin mahaifiyata. Za mu tashi da azahar, mu sauka da la'asar. Awa uku ce."

"Ɗana, la'asar ɗin can ce. Agogonsu yana bayan namu. Awa goma za mu yi a sama."

Matashin ya juyo ya dube shi. "Likita ya ce jikin ya yi tsanani. Ni kuwa na ce mata ta daure awa uku."

"Rai na hannun Allah. Kira ta yanzu ka nemi gafararta, kafin a ce a kashe waya."

Ya kira. Ba a ɗauka ba, har aka fara kiran fasinjoji.