Yaren da Jaɓɓo Ya Tashi da Shi

A tashar Illela wata dattijuwa ta tare wani malami da ta ji yana waya da Faransanci.

"Malam, tunda mijina Jaɓɓo ya tashi daga zazzaɓi shina wani yare, shi da bai san boko ba. Mai Faransanci ya saurara, ya ce kamar nasu ne amma ba shi ba. Mai Turanci ma haka."

"Inna, ai kakansu ɗaya, har da Jamusanci. Amma wannan harshen ya mutu shekaru dubbai, ba a ko rubuta shi ba."

"Ba mai jin shi yanzu?"

"Ko mutum ɗaya."

"To, da wa shika hira? In ya yi magana sai ya dakata, ya kasa kunne, sannan ya yi dariya."