Dogon Doki da Ruwan Makaranta

Mai girma shugaban majalisar garinmu, Mista Brekke, 'yan majalisa, Fasto Ostrander, makiyaya da manoma, maƙwabtana da kuka baro aiki kuka cika ɗakin nan, ina gaishe ku duka. Ni ce Marlys Haugen, shekara ashirin da biyu ina dafa wa 'ya'yanku abinci a makaranta. Na gode da aka ba ni dama kafin a yanke shawarar gwada ruwan rijiyar makarantar ko a bar shi.

Da farko, tun ranar da na roƙi a yi gwajin nan, bayan yara bakwai sun kwanta da ciwon ciki, mutum huɗu suka ce mini, "Marlys, sauko daga dogon dokin nan naki." Kowa a nan ya san nufin wannan magana: kana ganin ka fi kowa gaskiya, kana kallon mutane daga sama. Mahaifiyata ta sha faɗa mini ita, kuma sau da yawa na cancanta. Amma mutum huɗu a mako guda, ko kalma ɗaya ba ta bambanta ba? Haba jama'a! A shago an faɗa mini, a gidan mai an faɗa mini, har a ƙofar coci. Ni dai ban yarda ba, wani ne ya raba musu ita.

Na biyu, ku lura da lokacin da ake fito da ita. Na tambayi Vern Tollefson, mai garken shanun da ke bayan makaranta, "Vern, in an yi ruwa, ina kashin shanunka yake gangarawa?" Ya ce, "Ke Marlys, riƙe linzami da kyau, kar jiri ya ɗebe ki a can sama!" Aka kwashe da dariya. Tambayar kuwa har yau babu amsa.

Na uku, doki kam ina da shi, tsohuwar goɗiya ce, gajeriya. Ranar Lahadi na hau ta na bi shingen Vern, kuma ina kan bayanta ma na hango sabon lambatu ya fito daga garken ya nufi rijiyar. Allah ya sani, jikata Josie tana cikin yaran bakwai.

To, mai girma shugaba, na sauko. Ga ni tsaye a ƙasa, ga kwalba a hannuna, da safen nan na cika ta a famfon makaranta. Duk wanda zai ɗaga hannu ya ce kada a gwada, ya zo ya kurɓa tukuna, a gaban iyayen yaran.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba majalisa ikon yin gaskiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.