Ƙananan Kifin Bobboyi

A bakin gadar Jimeta, wata malamar makaranta ta tsaya gaban tiren Bobboyi masunci, tana juya ƙananan kifin da yatsa. Kallon bai kwanta masa ba.

"Bappa, waɗannan ai jarirai ne," in ji ta. "Malaman Sin na dā sun koyar cewa a girmama kogi kamar mahaifi, kada a kwashe har 'ya'yan kifi."

"Sinawa suka turo ki, ko gwamnati?"

"A aji kawai nake koyar da shi."

"Babana bai san Sin ba, amma shi ma haka yake faɗa. Kuma ni ban kama su da gidan sauro ba."

"Bappa, wa ya ambaci gidan sauro?"

Bobboyi ya jawo buhu ya rufe tiren.