Masu Keken Ranar Asabar

A ɗakin jiran likita a garin Wendover, can ƙasar Turawa, wata dattijuwa ta ji baƙon kusa da ita yana Hausa a waya. Da ya gama ta tambayi abin da ya kawo shi.

"Suga, Hajiya. An ce in motsa jiki, na shiga masu hawan keke ran Asabar. Sugan sai ƙaruwa yake."

"Da keken?"

"Duk inda muka tsaya akwai zaƙi. Nan donot, gaba askirim, can kek."

"Tsaya, Malam. Ramewa kuka fita yi ko ƙiba?"

"Ni ma na tambaya, suka yi dariya."

"Ka ce ka ƙoshi mana."

"Wata tsohuwar Baturiya ke gasa kek ɗin da kanta, ta miƙo hannu bibbiyu. A zango, inda na tashi, ba a koya mana mayar wa tsohuwa abinci ba."

"To ka daina zuwa."

Ya girgiza kai.

"Shekarata shida a garin nan. Ranar da ban je ba, su kaɗai suka kira suka ce ko lafiya."

Nas ta kira sunansa, Rahman. Ya miƙe, ya zaro wani ƙunshi mai maiƙo daga aljihu.

"Hajiya, riƙe min wannan har in fito."