Shekarar Agana da Matar da Na Sa Cikin Awaki

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Ceto.

Sunana Talatu, daga wani ƙauye bayan duwatsun Roni. Da kiwo na tashi. Zamanin En'e, da Baturiyar mishan ta fara zuwa garinmu, ta tarar tumakinmu ba su da gashi irin na ƙasarsu. Sai ta nuna wata tunkiya ta ce, "Kai, akuyar nan kyakkyawa ce!" Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, wutsiya ake dubawa. Ta akuya sama take kallo, ta tunkiya ƙasa."

Da na ji wa'azi cewa ranar ƙarshe Ubangiji zai ware tumaki da awaki, na ce ai wannan sana'ata ce. Na shiga ware mutane a zuciyata. Farkon wadda na jefa cikin awaki ita ce Inna Hajo, Bafulatanar rugar da ke gefen gonarmu. Shanunsu sun taɓa cinye mana gero, muka zagi juna, shekara uku ba ma gaisawa. Ko a kasuwar Gwiwa na hango ta, sai in kauce.

Sai agana ta shigo gari.

Cikin mako ɗaya ta ɗauke mijina Bawa, ta ɗauke 'yata Ladi mai shekara huɗu. Wayyo Ladi! Ko binne su ban gani ba, ina kwance, ƙuraje har cikin ido. Maƙwabta sukan ajiye tuwo a bakin danga su koma da sauri. Ban ga laifinsu ba, su ma suna da 'ya'ya. Amma ni ko rarrafe ba na iyawa.

Na ce, "Yesu, in kana ji na, ko ka ɗauke ni in bi su, ko ka aiko mini da mutum."

Da hantsi na ji an ɗaga asabari. Wani hannu ya tallabi kaina, aka sa mini ludayi a baki. Kunu ne da nono.

Na ce, "Wace ce?"

"Sha dai, Talatu. Ni na yi ciwon nan tun ina yarinya, ba ya sake kama ni."

Muryar Inna Hajo!

Na fashe da kuka. "Inna, ni fa na zage ki."

Ta ce, "Ai na rama. Buɗe baki."

Kwana goma sha tara tana zuwa, tana wanke ni, tana ba dabbobina ruwa. Idona na hagu ya tafi, na dama Ubangiji ya bar mini. Tun daga nan na bar wa Mai garke aikin warewa. Da ido biyu ma ban iya ba, balle da ɗaya!

Bayan damina biyu Inna Hajo ta rasu. Ni na ɗebo ruwan da aka yi mata wanka, tulu uku daga rijiya, ina tafe ina kuka.

Na gode wa Ubangiji da ya tashe ni. Kai da kake kwance yau ba mai leƙa ka, kada ka fid da rai. Kira shi, yana ji. Amin.