Lambar da Na Yi da Hannun Hagu

'Yan'uwa mata, da iyayenmu da ke zaune can baya, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni da ƙafafuna a gabanku yau. Ku amsa da ƙarfi don Allah, kunne ɗaya gare ni, ɗayan dukan da na sha ne ya kashe shi!

Sunana Rahila. Wanda bai san ni ba ya dubi fuskata da kyau, ba na jin kunya. Waɗannan ramukan aikin agana ne. Tare ta kama mu da ɗiyata Talatu. Ni ta bar ni da zane, ita kuwa ta tafi da ita tun bakinta bai gama iya kiran sunana ba. Na tashi daga ciwon nan da zuciya kamar garwashi. Ina zuwa sujada, ina rera waƙa, amma Allah ya sani fushi nake da shi, ina kuma jin haushin duk macen da na gani da goyo.

'Yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, wata ƙungiyar ƙasashen duniya mai kula da lafiyar yara ta aiko da mota da magani da madarar gari nan Sakkwato. Ana neman mace mai shiga gidaje ta yi wa yara lamba, wato 'yar tsagar nan ta dantse mai hana agana, tunda namiji ba ya wuce zaure. Sista, Baturiyar da ke riƙe da aikin, ita ta koya mini. Na karɓa da hannu biyu. Amma ba ƙauna ta kai ni ba, yaƙi na tafi yi da abin da ya cinye mini ɗiya.

To, ku da kunka girma a lokacin kun san yadda ake yi. Da mai shela ya ce gobe masu lamba na tafe, sai gari ya wayi babu yaro ko ɗaya! Ana cewa lamba na sa zazzaɓi, tana kumbura hannu, wasu har su ce ita ke kawo ciwon. Na sha zaro yaro daga ƙarƙashin gado. Na sha warware tabarma in ga mutum a naɗe ciki yana zare ido. Ni kuma bakina ba ya da linzami, in na kama, sai na wanke uwar tas kafin in tsaga ɗan.

Ranar da nake ba ku labari, bazara ce, irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya fitowa. Munka je unguwar majema. Sista da direba sunka tsaya ƙofar mai unguwa da motar, ni na ɗauki farantin magani da 'yar wuƙar lamba na bi gida gida.

Na yi sallama gidan wani majemi, Buba. Shi yana waje bakin ramukan jima da mutanensa, suna dakan bagaruwa. Matarsa Ige na tsakar gida, yarinya ce ƙarama, tana tankaɗe.

Na ce, "Ƙanwata, ina yaron?"

Ta ce, "Babu ɗa gidan ga. Ya tahi ƙauye wurin kakatai."

Na dubi igiyar shanya, ga 'yar rigar yaro ko bushewa ba ta yi ba. Na leƙa ɗaki, na ɗaga gado, na warware tabarmi, babu. Har na juya zan fita ina masifa, sai idona ya faɗa kan wata babbar randa a gindin katanga, cikin tsakiyar rana. An rufe ta da akushi, an ɗora dutsen niƙa a kai. Jama'a, wa ke danne randar ruwa da dutsen niƙa?

Na ture dutsen. Wayyo Allah! Zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tanda. Ga yaro a dunƙule a ƙasan randar, Manu sunansa, bai fi a yaye shi ba. Tun hantsi ta saka shi, ta danne don kada ya fito, mu kuma munka yi latti. Na ciro shi, wuya ya saki, ido ya juye, jiki kamar an ciro shi daga wuta. Ige ta yi tsaye kamar an dasa ta.

Na fizgi tulu na juye masa ruwa, na rungume shi na fita da gudu, in kai shi ga Sista. Ban ko tuna 'yar wuƙar lamba na hannuna ba.

Abin da Buba ya gani ke nan: mai lamba ta fito daga gidansa a guje, da wuƙa a hannu, ɗansa na reto kamar gawa.

Ya yi wata ƙara da har yau nake ji a kunnen nan da ya mutu. "Mi kika yi mai? Ta kashe min ɗa! Jama'a, mai lamba ta kashe min ɗa!"

Na buɗe baki in yi bayani, taɓaryar da ke hannunsa ta riga ni. Ta sauka a hannuna na dama, na ji ƙas! Ƙashi ya karye, hannun ya faɗi yana lilo. Na riƙe yaron da hagu. Wani ya zabga mini ɗanyar fata a fuska, wani ya kwashe ƙafafuna. Na faɗi, amma na faɗi a kan gwiwa da goshi, na yi wa yaron rumfa da jikina, don na san in taɓaryar nan ta same shi sau ɗaya an gama.

Sunka rufe ni. Ƙafa, sanda, dutse, duk abin da hannu ya samu. Buba na jan yaron ta ƙarƙashina, mutanensa na dukan bayana, su ba su ma san ɗan nasu suke nema su ƙarasa ba. Dutse ya sami kunnena, na ji ɗif, jini ya cika mini baki, na tofar da haƙora biyu a kan ƙasa. Ina jin muryar wata tsohuwa tana cewa a jefa ni ramin jima.

A nan, fuskata cikin turɓaya, na yi addu'ar da ban taɓa yi ba tun rasuwar Talatu. Ba addu'a ce mai ladabi ba, 'yan'uwa. Na ce, "Yesu, ka ɗauki tawa, ban ce komai ba sai fushi. Wannan kam kada ka ɗauka! Ga ni, su kashe ni, amma ka bar wa yarinyar nan ɗanta!"

Ban rufe baki ba na ji motsi a ƙirjina. Yaron ya shaƙe, ya yi tari, ya amayo mini a wuya, sannan ya tsala kuka. Kuka! Haleluya! Ban taɓa jin waƙa mai daɗin kukan nan ba.

Sai ga Ige. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar zaure da rana ba, ta fito babu mayafi, babu ɗankwali, ta ratsa maza ta faɗa kaina tana kururuwa.

"Ku bar ta! Ni na saka shi randa! Malam, kai kac ce in ɓoye shi kada a taɓa shi! Ita tac ciro shi! Duba dantsenai, ko ƙwarzane babu!"

Sunka janye daga kaina. Buba ya ɗaga hannun yaron, ya juya shi, ya duba ɗayan. Fata lafiya lau. Taɓarya ta zame daga hannunsa. Ƙaton mutum, ya zauna daɓas a cikin ƙasa ya ɗora hannu a ka. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba sai a gadon asibiti.

Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Ubangiji ba. Da na farfaɗo na ji 'yan doka sun tafi da Buba, daɗi na ji. Amma kullum na rufe ido, sai in ga abin da shi ya gani a ƙofar zauren nan. Na tambayi kaina, da wani na gani ɗauke da Talatu haka, da wuƙa a hannu, me zan yi? Da haƙori zan cinye shi. Na kira Sista na ce ta je ta roƙa a sake shi, ni na yafe. Ta yi ta faɗa da Hausarta mai gargada, amma ta je, anka sake shi.

Ina nan kwance, hannu a ɗaure, agana ta ɓulla a bayan kasuwa. Wata safiya sai ga Buba a ƙofar ɗakin, Manu a kafaɗarsa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kasa kallon fuskata.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba ni da bakin ba ki haƙuri. Ga shi na kawo. A yi mai lamba."

Sista ta ɗauko faranti za ta yi. Ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Ita."

Na ce, "Malam Buba, hannun da ke yin lamba ai kai ka karya shi."

Ya ce, "Akwai gudan."

Da hagu na yi ta. Tsagar ta tafi a karkace kamar sawun kaza. Yaron ya ɓare baki, ya damƙi yatsana ya riƙe gam. A nan ne kukan da na hana kaina tun ranar da anka binne Talatu ya ɓalle. Na yi shi har ya ishe ni, Buba na durƙushe yana share nasa da hula. Garwashin nan da na ɗauka shekara da shekaru, a gadon nan ya mutu.

Agana ta shiga unguwar majema a shekarar, ta yi ɓarna, ta tsallake Manu. Yanzu ya isa aikin jima tare da ubansa. Duk inda ya hango ni a kasuwa sai ya naɗe hannun riga yana dariya, ya ce, "Inna, ga karkatacciyarki!"

Na gode wa Yesu da ya fisshe ni daga taɓarya, na fi gode masa da ya fisshe ni daga zuciyata. Ke da ke zaune nan da fushin da ba ki gaya wa kowa ba, ki gaya masa, ko da baki cike da jini ne, yana ji. Hannun nan na dama bai ƙara miƙewa ba, kun gani. To ku taya ni, ni zan ɗaga na hagu, mu yabi sunansa. Amin!