Kofin Baba

’YA: Salamu alaikum, Goggo. Ina wuni?

GOGGO: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Ɗaga murya!

’YA: Ni ce, ’yar Yayanki.

GOGGO: Af, ’yar nan! Lafiya lau. Ya gida? Ya yara?

’YA: Alhamdu lillahi. Ya hidimar biki?

GOGGO: Ana ta fama. Ya mai jiki?

’YA: Wane mai jikin? Baba, wanda kika aiko a ce kar ya zo bikin ɗanki?

GOGGO: Kai, mutane da ƙarin gishiri! Cewa na yi ya zo bayan an gama cin abinci. Ke ma kin sani, tun da aka yanke masa rabin harshe miyau ke dalala. Ga tsumma a wuya, ga wari. Ranar da na zo yana shan miya tana dawowa ta gefen baki, wallahi sai da na fita na yi amai a bakin kwata.

’YA: Tir! Mutumin da ya goya ki. Ya ji ki fa, Goggo. Harshe aka yanke masa, ba kunne ba.

GOGGO: Kar ki yi min rashin kunya. Ni aka cuta! Ran nan na sha ruwa a shuɗin kofin nan, ashe nasa ne. Ga shi ya shafa min.

’YA: Ya shafa miki me? Ba a ɗaukar kansar baki a kofi.

GOGGO: To gyambon da ke ƙarƙashin harshena daga sama ya faɗo?

’YA: Gyambo? Alo? Goggo, layin yana yankewa. Tun yaushe?

GOGGO: Tun kafin a sa ranar biki. Fari-fari ne, gefensa da tauri. Na kurkura da gishiri har na gaji. Amma ko zafi ba ya yi.

’YA: Innalillahi! Haka na Baba ya fara. Akwai ƙulli a wuyanki?

GOGGO: Ke, tofar da miyan bakinki! Shi mai taba ne. Ni mace ce, ban taɓa kai ta baki ba.

’YA: Wannan zancen da ne. Ni ke kai shi asibiti, ina ganin layin masu cutar. Mata ne, samari ne, wasu ko warin taba ba sa so. Kin manta Kaka? Ya ɓoye nasa har ya huda kunci, bai kai shekara ba. Baba ya je da wuri, ga shi yana ɗaukar jikoki. Gobe da safe zan zo mu tafi.

GOGGO: Bayan biki.

’YA: Gobe!

GOGGO: A yanka ni in koma kamarsa? In zauna da tsumma a wuya surukai suna toshe hanci? Gara in mutu da bakina cikakke.

’YA: Kin ji ki ko? Abin ƙyamar ma ke nan, ba miyan ba.

GOGGO: ’Yar nan... tsakaninki da Allah, in aka yi min haka, wa zai yarda ya ci abinci da ni?

’YA: Ga Baba nan kusa da ni, yana jinki. Ya ce shi zai ci. Ya ce ki zo, zai ba ki kofin... Goggo? Alo? Goggo!